Saiwa Ce Ke Gajarta Lemun Tsami

Tsakar gidan Bahaushe ta tsuke. Filin da a dā yake ɗaukar rijiya da turken awaki da gindin gwaiba ko na zogale, yau an yanka shi an fitar da ɗakunan haya, abin da ya saura kuma an malale shi da siminti. A irin wannan gida, a Kano yake ko a Kaduna ko a Maraɗi, babu inda za a haƙa ramin dashe, ko da akwai kuma, ɗan haya ba ya son shuka itacen da zai tashi ya bar wa wani. Amma buƙatar lemun tsami tana nan yadda take. Da shi ake kashe ƙarnin kifi da na kaza, shi ake matsawa a shayi da zoɓo da kwaɗon ganye, shi ake nema a haɗa da zuma idan mura ta shigo gida. Shi ya sa hoton ɗan itacen lemo da bai wuce ƙirjin mutum ba, zaune a tukunya ya yi jingim da 'ya'ya, yake ɗaukar hankali. Masu sha'awarsa kuwa wuri ɗaya suka fi yin tuntuɓe: sukan ɗauka gajartar daga ƙwayar iri take fitowa, ko daga yawan aski da almakashi. Alhali daga ƙasa take, inda ido ba ya gani. Wace irin saiwa ce ke ɗauke da itacen, wane fili aka ba ta, yaya ake shayar da ita, wannan ne ke yanke tsawon itacen da lafiyarsa da yawan abin da zai haifa.

Kafin a yi nisa, sai a san cewa suna ɗaya muke kiran itatuwa biyu da shi. Akwai ƙaramin lemun tsami mai siririn ɓawo, kore, wanda ake kasawa a bakin kasuwa, shi ne namu na yau da kullum, kuma shi ya fi son ƙasa mai zafi. Akwai kuma babban, mai kaurin ɓawo da ɗan tsini a ƙarshensa, wanda yake komawa ruwan ɗorawa a ƙasashe masu sanyi, a wajenmu kuwa yakan nuna bai gama barin kore ba, domin sanyin dare ne ke sauya launin ɓawon lemo. Dukkansu daga Asiya suka fito, kuma masana gadon tsirrai sun nuna cewa kowannensu ruwa biyu ne, haɗin dangin lemo daban-daban. Larabawa ne suka yaɗa su zuwa ƙasashen Bahar Rum da Afirka, kalmarmu ta lemo ma daga laimun ta Larabci take. Idan aka dasa ɗayansu a ƙasa aka bar shi da halinsa, zai kai mita 3 zuwa 6, ya baza rassa masu ƙaya. Wanda ake kira gajere kuwa mita 1 zuwa 2 ne iyakarsa, amma 'ya'yansa daidai suke da na dogon a girma da ɗanɗano. Jikin kawai aka rage.

Yadda hakan ke yiwuwa ba shi da wuyar ganewa. Itace ba ya ɗaukar ganyen da saiwarsa ba za ta iya shayarwa ba, don haka duk abin da ya taƙaita saiwa zai taƙaita kai. Manoman lemo suna da hanya biyu ta yin haka, ta farko kuma mun san ta tun a kan mangwaro mai aure. Ana ɗaukar ido guda daga reshen itacen da ake son 'ya'yansa, a tsaga ɓawon wani ɗan dashe daban a cusa shi, a ɗaure. Idan ya kama sai a sare kan ɗan dashen, ya zamana saiwa da tushe na wani ne, rassa da 'ya'ya na wani. A cikin tushen da ake aura wa lemo akwai wanda ya shahara da gajartawa, ana kiransa Flying Dragon. Wani ɗan'uwan lemo ne mai karkatattun rassa da ƙaya kamar ƙugiya, wanda masanin tsirrai Walter Swingle ya kai Amurka daga Japan a 1915. Jijiyoyinsa ba sa tura ruwa sama da yawa kamar na sauran, saboda haka itacen da ke kansa ba ya samun ƙarfin yin dogayen rassa, sai ya karkata ga fure da wuri. Hanya ta biyu ita ce tukunya, wadda take yi wa saiwa katanga ta kowace fuska. Wannan ta biyun ta fi muhimmanci a gare mu, dalili kuma zai zo.

Daga nan ake gane wautar da ke cikin tallan “irin gajeren lemo” da ake gani a intanet cikin 'yan fakiti. Ƙwayar da aka ciro daga lemon da ya nuna a kan gajeren itace ba ta san komai game da tushen da ke ƙasa ba, gadon reshen sama kawai take ɗauke da shi, kuma idan ta tsiro babban itace za ta nufa. Wanda ya shuka ƙwayar Flying Dragon ɗin kanta kuwa zai sami itace mai 'ya'ya masu ɗaci da danƙo waɗanda ba sa ciwuwa. To, mai hankali zai iya cewa ai ƙwaya kyauta ce, kakanninmu ma da ita suka shuka lemonsu, me zai sa a kashe kuɗi a kan dashe mai aure? Akwai gaskiya a maganar, musamman game da ƙaramin lemun tsaminmu, wanda ƙwayarsa takan fito da itace mai kama da uwarsa sak, ya kuma haihu cikin 'yan shekaru. Sai dai duk lemon da ya tashi daga ƙwaya sai ya yi ƙuruciya tukuna, lokacin da babu abin da yake yi sai miƙewa da fitar da ƙaya. A babban lemun tsami wannan ƙuruciya takan ci shekara 5 ko fiye, kuma ba ta ƙarewa sai itacen ya tara tsawo, wato abin da mai tukunya yake gudu. Idan aka riƙa sare kansa don kada ya yi tsawo, ana mayar da shi ƙuruciya ne, sai a shekara goma ana ban ruwa babu fure. Idon da aka ciro daga itacen da ya riga ya fara haihuwa kuwa ya wuce wannan mataki, shi ya sa mai aure yake yin fure a shekara ta 2 ko ta 3 yana ɗan ƙarami. Araha ba ta ado, a nan ma shekaru take ci.

Wasu suna shakkar ko itace mai 'ya'ya zai iya daɗewa a tukunya, suna ganin kamar ɗaure shi aka yi, dole ya mutu da wuri. Tarihi ya amsa wannan. Lemon da ya fi kowane suna a tukwane a duniya, wanda ake kira Meyer, a tukunya aka same shi tun farko. Frank Meyer, ma'aikacin Hukumar Aikin Gona ta Amurka mai yawon neman tsirrai, shi ya gan shi a kusa da Bejin ta ƙasar Sin, inda mutane ke ajiye shi a tsakar gida don ado, ya aika da shi Amurka a 1908. A Faransa, ɗakin ajiyar lemo na fadar Versailles da aka gina wa Sarki Louis na 14 tsakanin 1684 da 1686 har yau yana riƙe da itatuwa sama da 1,000 a cikin akwatunan katako, ana fito da su idan sanyi ya wuce, a mayar idan ya dawo. A lambun Castello na gidan Medici a Italiya akwai ɗaruruwan itatuwan lemo a tukwanen yumɓu, wasunsu sun haura shekara 100 a haka. Lemo ya dace da wannan rayuwa ne saboda yawancin saiwarsa masu sha sirara ne kuma kusa da saman ƙasa suke, ba ya dogara da doguwar saiwa guda mai nitsewa kamar yadda tsamiya ko gawo suke yi.

Wani zai ce, ai waɗannan duk ƙasashen sanyi ne, ƙanƙara ce ta tilasta musu tukunya, mu da Allah ya ba rana da ƙasa me ya kai mu kwaikwayo? Wanda yake da fili da ruwa, gaskiya ya dasa lemonsa a ƙasa, zai fi samun 'ya'ya kuma wahalarsa kaɗan ce, babu gardama a kan wannan. Maganar ta waɗanda ba su da filin ce, kuma a biranenmu su ne masu yawa. Abin da ƙanƙara ta hana Bafaranshe, siminti da haya sun hana mu. Akwai ma wani abin da tukunya take ba mu wanda ƙasa ba ta bayarwa. Lemo yana daina girma idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 13, yana kuma tsayawa idan zafi ya doshi 38, a watan Afrilu kuwa Sakkwato da Maiduguri da Yamai sukan wuce 40. Itacen da ke ƙasa dole ya sha wannan rana yadda ta zo. Na tukunya ana iya jan sa gefen katangar da ke samun hantsi ta kare shi daga ranar azahar, idan hunturu ya zo a kai shi inda iska ba ta bugawa. Ranar tashi daga gida kuma a ɗora shi a mota tare da sauran kaya.

Kuskure ne babba, duk da haka, a ce za a yi odar gajeren dashe daga waje ko a roƙi matafiyi ya ɓoyo shi a jaka. Na ɗaya, shi Flying Dragon ɗin da ake yabo ba namu ba ne. Ɗan ƙasar sanyi ne, ba ya jure ƙishirwa, ba ya son ƙasa mai kanwa ko ruwa mai zartsi, kuma akwai nau'in babban lemun tsami irin su Eureka da aurensu da danginsa ba ya ɗorewa, mahaɗar takan lalace bayan 'yan shekaru. Na biyu ya fi tsanani, domin cututtukan lemo mafi muni a cikin dashe suke tafiya. Cutar tristeza, wadda sunanta ke nufin baƙin ciki, ta kashe miliyoyin itatuwa a Ajantina da Birazil a shekarun 1930 da 1940, kuma a shekarun 1940 ɗin ita ce aka gano tana bayan mutuwar gonakin lemun tsami a yankin Cape Coast na Gana. Shi kansa lemon Meyer an gano yana ɗauke da ita ba tare da nuna alama ba, har aka riƙa tumɓuke shi a Kalifoniya, sai a 1975 Jami'ar Kalifoniya ta fitar da wanda aka tsarkake. Yanzu kuma akwai cutar da ke hana lemo nuna, wadda aka gano a Fulorida a 2005 ta durƙusar da noman lemon jihar, kuma a 2020 masu bincike sun ba da rahoton ganin ƙwaron da ke yaɗa ta a Jihar Oyo. Ɗan dashe guda da aka shigo da shi ta bayan fage yana iya zama wutar da za ta kai ga gonakin Binuwai, inda dubban iyalai suke ci daga lemo.

Abin da ya fi shi ne a nemi dashe a gida, a bar tukunya ta yi aikin gajartawa. Masu renon dashe a garuruwanmu suna aura lemo a kan tushen da ya saba da zafi, irin su Cleopatra da Volkameriana da lemo mai kaushin ɓawo, kuma Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, mai hedikwata a Ibadan, tana da rassa a Bagauda ta Kano da Dadin Kowa ta Gombe. Mai saye ya duba mahaɗar auren, wani ɗan gwiwa ne a jikin tushen kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. In babu ita, daga ƙwaya dashen ya fito ko me mai sayarwa ya ce. Ya kuma guji dashen da ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe kamar gammo. Akwai wata hanyar da ba ta buƙatar saye, ga wanda maƙwabcinsa ke da lafiyayyen itace mai haihuwa. Da damina sai a zaɓi reshe mai kaurin yatsa, a zare masa ɓawo zagaye kamar faɗin yatsa biyu, a kankare santsin da ke ƙarƙashi, a lulluɓe wurin da jiƙaƙƙiyar dusar katako ko ruɓaɓɓen taki, a naɗe da leda a ɗaure sama da ƙasa. Cikin wata biyu ko uku saiwa za ta bayyana ta cikin ledar, sai a yanke reshen a dasa. Itacen da aka samu ta haka ya riga ya balaga, ba shi da doguwar saiwa, kuma da kansa yake zama gajere. Rauninsa guda ne: saiwar lemun tsami ta kansa ba ta jure kwanciyar ruwa.

Wannan ya kawo mu ga tukunyar da abin da za a zuba mata, inda yawancin itatuwan ke mutuwa. Saiwar lemo tana numfashi, kuma ƙasar da ta yi kyau a gona tana iya shaƙe ta a cikin mazubi, domin laka ko jar ƙasa idan aka riƙa zuba mata ruwa a wuri ƙuntatacce dunƙulewa take yi kamar tubali. Abin da ake so shi ne haɗi mai sakin ruwa: ƙasa mai kyau kashi ɗaya, yashin rafi mai tsakuwa kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a ƙara buntun shinkafa da ya ruɓe ko gutsattsarin gawayi don iska ta sami hanya. Idan aka zuba ruwa ya tsaya a sama ya daɗe bai shige ba, haɗin ya yi nauyi. Mazubin kuma a huda masa ƙofofi da yawa a ƙasa, a ɗora shi a kan bulo, don ruwa ya fita, gara kuma ta rasa hanya. Al'adar shimfiɗa duwatsu a gindin tukunya ba ta taimakawa, ruwa ba ya saurin tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa, sai ma ya taru a samanta kusa da saiwa. Kada kuma a ɗauki ɗan dashe a jefa shi a rabin duro tun ranar farko. Ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba jiƙe take zama har ta yi tsami. A fara da mazubi mai cin lita 15 zuwa 20, a riƙa ƙarawa da kaɗan-kaɗan har a tsaya a kan lita 50 zuwa 100. Wajen dasawa, mahaɗar auren ta zauna a sarari sama da ƙasa, idan aka binne ta amfanin auren ya tafi.

Ƙorafin da ya fi kowane nauyi shi ne na ruwa. A unguwar da ake sayen jarka daga hannun 'yan garuwa, shin ba almubazzaranci ba ne a shayar da itace? A yi lissafi. Matsakaicin itace a tukunya, buta biyu ko uku sun ishe shi a rana ko da bazara, da damina da hunturu kuwa yakan yi kwanaki bai nema ba. Ruwan alwalar gida guda na yini ɗaya, idan aka tare shi a roba, ya wuce haka, ga na wankin shinkafa da ganye. Wanda bai dace ba shi ne ruwan omo da na sabulu da duk mai gishiri, domin lemo yana cikin itatuwan da gishiri ke saurin ƙona wa bakin ganye. Inda ruwan rijiya ko na burtsatse yake da zartsi, sai a riƙa yi wa tukunyar ambaliya sau ɗaya a wata har ruwa ya zuba sosai ta ƙasa ya wanke abin da ya taru. Yawan ruwa ma ya fi ƙarancinsa kisa. Ƙa'idar ita ce a tura yatsa cikin ƙasa, in gaɓa biyu na sama sun bushe a shayar har ya ɗiga, in da danshi a ƙyale. Saiwar da ke zaune cikin ruwa takan kamu da ruɓa, alamarta kuwa ganye ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, wani lokaci tushen ya riƙa tsattsafo da ƙaro. Mai itacen yana ganin yaushi sai ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi da hannunsa.

Zafi kuma ta tukunya yake shiga. Baƙar roba ko duron ƙarfe da rana ta buga a watan Afrilu yana iya dafa saiwar da ke manne da bangonsa, ko da ganye na cikin inuwa. A nan maginan tukwanenmu sun riga masana'anta: yumɓu yana tsattsafar da ruwa, iska ta busar, cikin ya yi sanyi, kamar dai yadda randa take yi wa ruwan sha. A kan wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Mai lemo a robar fenti zai iya aron dabarar, ya zura robar cikin babbar tukunyar ƙasa, ko ya naɗe ta da buhun algarara yana yayyafa masa ruwa, ko aƙalla ya shafe ta da farin fenti.

Itacen da ke ƙasa yana aika saiwa ta nemo abinci, na tukunya kuwa abin da aka ba shi kawai yake ci, kuma duk ban ruwa yana wanke wani abu daga ciki. Saboda haka ciyarwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ta fi ta lokaci guda mai yawa. Tafi guda na ruɓaɓɓen kashin awaki ko na kaji duk bayan wata biyu, da cokali guda na takin zamani NPK duk wata a lokacin da itacen ke toho, a barbaɗa a bakin tukunya nesa da tushe a bi da ruwa, sun wadatar. Ɗanyen kashin kaji ƙuna yake yi. Toka kuma, duk da sunan da ta yi a gona, a nisanta ta da lemo, domin yana son ƙasa mai ɗan tsami-tsami, ita kuwa toka tana mayar da ƙasa mai kanwa. Ganyen da kansa yana faɗin abin da ya rasa. Idan tsofaffin ganye suka ɗashe gaba ɗaya, sinadarin naitirojin ne ya yi ƙaranci. Idan sababbin ne suka fito fari-fari da korayen jijiyoyi, ƙarfe ne ba ya isa gare su, kuma sau da yawa yana nan a ƙasar, kanwa ko yawan ruwa ne suka hana saiwa ɗaukarsa. Ƙara taki a irin wannan hali ba ya magani, gyaran ƙasa da ruwa ne ke yi.

Wani abin sha'awa shi ne ta saiwa ake iya sa lemo ya yi fure a lokacin da ake so. A ƙasashen sanyi, sanyi ne ke tayar masa da fure, a ƙasashe masu zafi kuwa ƙishirwa ce da ruwa ya biyo bayanta. Manoman tsibirin Sisili na Italiya sun daɗe da mayar da wannan sana'a: sukan yanke wa itatuwa ruwa na makonni a tsakiyar zafi har ganye ya fara naɗewa, sannan su shayar, itacen ya ɓarke da fure a lokacin da ba nasa ba, su sami lemon da suke kira verdelli a watannin da kasuwa ke ƙishirwarsa. A tukunya abin ya fi sauƙi, domin ruwan duk a hannun mai shi yake. Ƙaramin lemun tsami yana ɗaukar wata 5 zuwa 6 daga fure zuwa tsinka. Wanda ya rage wa itacensa ruwa na mako ɗaya ko biyu da kaka, bayan ɗaukewar damina, sannan ya dawo da shi tare da taki, yana iya tsinka a tsakiyar bazara, lokacin da lemun tsami ke wuya. Wannan na balagaggen itace ne mai lafiya, ba a yi wa sabon dashe, ba a kuma yi da tsananin zafi. Itace guda ya isa, ba ya buƙatar abokin barbara. Kuma kada zubar fure ta tayar da hankali, a itacen lemo fure ɗaya ko biyu ne cikin 100 suke zama 'ya'yan da za su nuna. A shekarar farko ma gara a cire 'ya'yan da hannu, jiki ya fara ginuwa.

Aski yana da wurinsa, amma ƙarami ne. A datse kan dashen yana ƙarami don ya yi rassa uku ko huɗu, a cire busassu da masu gicciye, sannan a sa ido a kan duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗa a fizge shi nan take, domin na tushen ne, ya fi na sama ƙarfi, in aka bar shi zai ƙwace itacen. Ƙwari kuwa, darɓa da farin ƙwaro mai kama da auduga da masu manne wa reshe kamar ƙuraje, duk suna fitar da zaƙi wanda ke jawo tururuwa da baƙin da ke rufe ganye kamar kunkunniya. A itacen da bai wuce tsawon mutum ba, feshin ruwa da jiƙon 'ya'yan darbejiya da yamma sun isa, tsutsar da ke cin ganye kuma a tsince ta da hannu. Akuya ce babbar abokiyar gaba, ita kuwa sai shinge.

Saura mai cewa kuɗin dashe da tukunya da taki sun isa a sayi lemun tsami na shekara guda a kasuwa. Idan kwando ake nema, ya yi gaskiya, 'ya'yan itacen tukunya da gommai ake ƙirga su. Amma gida ba kwando yake amfani da shi ba, guda ɗaya ko biyu ne a rana, kuma lemun tsami ba ya nuna lokaci guda, yana iya riƙe fure da ɗanye da nunanne a tare, ya zama ana tsinka ana bari. Wanda aka saya a kasuwa yakan bushe a kwana kaɗan, na kan itace yana jira. Ga ganyen da ake jefawa a shayi, ga ɓawon da mai shi ya san ba a fesa masa komai ba, kuma kuɗin sau ɗaya ake kashe mafi yawansa a kan abin da zai yi shekaru. Sharaɗin shekarun nan shi ne aikin da aka fi mantawa da shi. Duk bayan shekara 2 ko 3 saiwa takan cika tukunya, sai a ga ruwa yana zarcewa ta gefe, ganye yana ƙanƙancewa. A farkon damina sai a kwantar da tukunyar a zaro itacen da ƙasarsa, a sa wuƙa mai kaifi a yanke kamar faɗin yatsa biyu ko uku na saiwar ta gefe da ta ƙasa, a rage rassa gwargwadon abin da aka yanke, a mayar da shi cikin tukunyar da sabon haɗin ƙasa, a ajiye shi a inuwa mako biyu kafin a komar da shi rana.